Namiji a Gajerun Labaran Zamananci: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗaliban adabi da masu karatun nishaɗi sukan ci karo da gajerun labaran da aka rubuta a Turai da Amurka tsakanin 1900 da 1940, su tarar da maza a ciki waɗanda ba su yi kama da jaruman da aka saba ji ba. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa a kan wannan, da amsoshinsu gwargwadon abin da labaran suka nuna.

Wane irin adabi ne ake kira na zamananci?

Shi ne rubutun da ya kunno kai a ƙarshen ƙarni na 19, ya yi tashe tsakanin 1910 da 1930, ya ja jiki har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. Masu nazari suna ce masa modanizim. Marubutansa sun gaji da tsohon salo, inda mai ba da labari ya san komai, yana nuna maka nagari da mugu, a ƙarshe a ɗaura aure ko a raba gado kowa ya kama gabansa. Sai suka kutsa cikin zuciyar mutum guda, suka bi tunaninsa yadda yake zuwa masa, a tsinke, a hargitse. Labarin yakan fara daga tsakiya, ya kuma tsaya ba a warware ƙullin ba.

A fagen gajeren labari, sunayen da ba a tsallakewa su ne James Joyce na Ailan, Katherine Mansfield 'yar Niyu Zilan, D. H. Lawrence na Ingila, Franz Kafka na birnin Prague wanda ya yi rubutu da Jamusanci, sai Ernest Hemingway da William Faulkner na Amurka. Kafin su duka akwai Anton Chekhov na Rasha, wanda ya rasu a 1904, shi ya share musu hanya.

Me ya sami mazan wannan zamani har suka zama abin rubutu?

Babban abin shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya, na 1914 zuwa 1918. An tarbiyyantar da samarin Turai a kan cewa filin daga shi ne inda namiji ke nuna kansa. A Ingila har mata sukan tare saurayin da suka gani ba kaki a jikinsa, su miƙa masa farin gashin tsuntsu a bainar jama'a, alamar cewa shi rago ne. Samari suka yi tururuwa suka tafi. Abin da suka tarar shi ne zaman rami cikin taɓo wata da watanni, ana yi musu ruwan bama-bamai daga nisan da ba sa ko ganin mai harbin. Ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu kafin gari ya sake wayewa. Ƙarfin zuciya bai tsare kowa ba.

Waɗanda suka dawo, da yawansu sun dawo da ciwon da ba a gani a fata: makyarkyata, ɗaukewar magana, firgita cikin barci. Rundunar Birtaniya ta yi jinyar kimanin mutum 80,000 masu wannan gigicewa. Wasu kuwa ba su sami jinya ba, rundunar da kanta ta harbe sojojinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama da ragwantaka, sai a 2006 aka yi musu afuwa. Al'ummar da ta ce namiji ba ya kuka ta wayi gari da dubban maza masu kuka a gadajen asibiti.

Sai canjin sana'a. Ɗan manomi da ɗan maƙeri sun koma akawu a birni, suna zaune a tebur suna kwafar takardu ƙarƙashin wani mai gida da ke iya korarsu da kalma ɗaya. Sai kuma mata, waɗanda suka riƙe masana'antu da motocin haya lokacin da maza ke bakin daga. A 1918 matan Birtaniya da suka kai shekara 30 kuma suka cika wasu sharuɗɗa suka sami 'yancin jefa ƙuri'a, na Amurka a 1920. Namijin da aka ce masa shi ne jarumi, shi ne mai ciyarwa, shi ne mai faɗa a ji, ya ga ukun duka suna zame masa.

Me ya sa gajeren labari ya fi dacewa da wannan batu?

Domin ciwon irin wannan namiji ba ya fitowa sai a ɗan taƙi. Yakan yi shekara 20 yana danne abu, sai wata kalma a wajen liyafa ko wani kallo a ofis ya ɓare shi na minti biyar, ya kuma rufe. Gajeren labari yana iya kama waɗannan mintuna ya bar sauran. Akwai kuma dalilin kasuwa: ƙananan mujallun adabi na lokacin, irin su The English Review da The Little Review, suna karɓar gajerun rubuce-rubucen da manyan maɗaba'u ke tsoro. Joyce ya miƙa littafinsa Dubliners tun 1905, amma bai fito ba sai 1914, saboda masu bugawa suna ɗari-ɗari da wasu kalmomi da ke ciki.

An ce Hemingway marubucin jarumai ne, masu farauta da dambe da shan wuya ba ƙorafi. Haka ne?

Haka ya so a ɗauke shi, kuma hotunansa da bindiga da manyan kifaye sun taimaka. Amma wanda ya zauna ya karanta labaransa na farko zai ga wani abu dabam, kuma a ganina nan ne mutane suka fi yi masa gurguwar fahimta.

Hemingway yana da shekara 18 ya tafi Italiya yana tuƙa motar ɗaukar majinyata ta Red Cross, aka ji masa mummunan rauni a ƙafafu a watan Yuli 1918. A littafinsa In Our Time na 1925 akwai labarin "Soldier's Home". Wani soja mai suna Krebs ya dawo garinsu a jihar Oklahoma a 1919, bayan an gama bikin tarbar sojoji, kowa ya ƙoshi da labarin yaƙi. In yana so a saurare shi sai ya yi ƙarya, ƙaryar kuma tana tayar masa da zuciya. Sai ya yi shiru. Yana zama a barandar gida yana kallon 'yan mata suna wucewa, yana sha'awarsu, amma ba ya son wahalar magana da su. Wata safiya mahaifiyarsa ta zaunar da shi a kan batun neman aiki, ta tambaye shi ko ba ya ƙaunarta. Ya ce ba ya ƙaunar kowa. Ta fashe da kuka, ya koma yana lallashi yana cewa ba haka yake nufi ba. Ta ce su durƙusa su yi addu'a, ya durƙusa, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Ina jarumtaka a nan? Yaro ne da wani abu ya mutu a cikinsa, kuma ba wanda ya ba shi kalmomin da zai faɗa.

Labarin da ya rufe littafin, "Big Two-Hearted River", ya fi wannan zurfi. Nick Adams ya sauka daga jirgi a wani gari da gobara ta cinye a jihar Michigan, har fārar wurin ta yi baƙi. Ya yi tafiya, ya kafa tanti, ya dafa abinci, ya kama kifi. Shi ke nan abin da ya faru. Ba a ambaci yaƙi ko sau ɗaya ba. Amma dubi yadda yake yin kowane abu a tsanake, yadda yake ɗaure igiya, yadda yake jiran abinci ya huce, kamar in ya yi sakaci da abu ɗaya kansa zai kwance. Da ya hango fadama mai duhu inda ruwan ya yi zurfi, sai ya ce ba yau ba. Hemingway ya bayyana dabararsa a 1932 da misalin dutsen ƙanƙara mai yawo a teku, wanda kashi ɗaya cikin takwas kaɗai ke saman ruwa. Shiru ma magana ce, kuma a wajensa ita ce mafi yawan maganar.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne manjon da ke cikin "In Another Country" na 1927. Gwanin wasan takobi ne kafin yaƙi, yanzu hannunsa ya shanye ya koma kamar na jariri, kullum yana zuwa asibiti a Milan yana sa shi a wata na'ura da bai yarda da ita ba. Wani saurayi Ba'amurke ya ce masa yana fatan yin aure. Manjo ya harzuƙa, ya ce kada namiji ya yi aure, kada ya sa kansa inda zai yi rashi. Jim kaɗan ya dawo ya ba da haƙuri: matarsa ce ta rasu, yarinya ƙarama, wadda ya ƙi aura sai da ya tabbata an sallame shi daga yaƙi. Ya fita a miƙe irin na soja, hawaye na zuba, yana cizon leɓe.

Ba a wanke Hemingway gaba ɗaya ba. Matan da ke cikin labaransa sau da yawa ba su da faɗin mazan ciki, kuma daga baya ya fara gaskata hoton da ya yi wa kansa. Ya kashe kansa a 1961, kamar yadda mahaifinsa ya yi a 1928.

Duk sojoji ne? Ina talaka mai neman na cefane?

Yana wajen Joyce, kuma labarin da ya kamata kowa ya karanta shi ne "Counterparts". Farrington ƙato ne, mai jiki, akawu a ofishin lauyoyi a Dublin. Mai gidansa, Mista Alleyne, ɗan ƙaramin mutum ne mai sanƙo da tsiwa. Ya kira shi ya wanke shi tas a kan wata takarda da bai gama kwafa ba. Farrington ya saci jiki ya je ya kurɓi giya ya dawo, aikin bai ƙaru ba. Da yamma Alleyne ya sake tsare shi a gaban wata baƙuwa da sauran ma'aikata, ya tambaye shi ko ya ɗauke shi wawa ne. Bakin Farrington ya suɓuce ya mayar da amsa mai yaji. Daɗin bai daɗe ba, don an tilasta masa ya ba da haƙuri a wulaƙance.

Ba ko kwabo a aljihunsa, sai ya jinginar da agogonsa a kan sule 6. Ya shiga mashaya yana ba abokai labarin yadda ya yi wa mai gida, ana dariya, yana saya musu. Wannan shi ne kaɗai lokacin da ya ji shi namiji ne a ranar, kuma da kuɗin agogonsa ya saya. Daga nan aka haɗa shi gasar kayar da hannu da wani saurayi ɗan wasa daga Ingila, yaron ya kayar da shi har sau biyu a gaban mutane. Kuɗi sun ƙare, agogo ya tafi, suna ya zube, ko buguwar da ya nema bai samu ba.

Ya isa gida cikin dare. Matarsa ta tafi coci. Ɗansa ƙarami, Tom, ya sauko zai dafa masa abinci, sai uban ya ga wutar murhu ta mutu. Ya ɗauko sanda. Labarin ya ƙare yaron yana durƙushe yana roƙo, yana cewa zai yi wa babansa addu'a in ya daina dukansa.

Haushin kaza, huce kan dami. Abin da Joyce ya ƙara a kai shi ne ya nuna maka tsanin gaba ɗaya. Ailan a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, mai gidan yana magana da harshen mutanen arewacin ƙasar, wanda ya kayar da shi Bature ne na Ingila. Wulaƙanci yana gangarowa daga sama, mataki-mataki, har ya sauka a kan wanda ba shi da na ƙasa da shi. Joyce bai nemi ka yafe wa Farrington ba, kuma bai kamata ka yafe ba. Ya dai hana ka cewa ba ka san inda sandar ta fito ba.

To mai ilimi da rufin asiri fa, shi ma yana da matsala?

Gabriel Conroy na labarin "The Dead", wanda ya rufe Dubliners, shi ne amsar. Malami ne, yana rubutu a jarida, yana son matarsa Gretta, ba ya dukan kowa. A liyafar shekara ta gwaggwanninsa shi ke yanka nama, shi ke jawabi. Amma daren nan mata uku suka girgiza shi. 'Yar aiki ta mayar masa da magana mai ɗaci game da mazan zamani, ya rasa abin yi sai ya cusa mata kuɗi. Wata abokiyar aikinsa mai kishin ƙasa ta zarge shi da son Ingila. Sai Gretta.

Ya hango ta a kan matakala tana sauraren wata tsohuwar waƙa, sha'awarta ta kama shi, ya ɗauka tunaninsa take. Da suka keɓe a masauki, sai ta fashe da kuka ta gaya masa waƙar ta tuna mata da wani yaro, Michael Furey, a Galway, wanda yana da shekara 17 kuma ba shi da lafiya ya tsaya cikin ruwan sama a bayan gidansu daren da za ta bar gari. Bayan mako guda ya mutu. Shekara da shekaru Gabriel yana kwana da mace bai san abin da ya fi girma a zuciyarta ba. Abin da ya sa nake ganin wannan labari ya fi sauran tausayi shi ne abin da Gabriel ya yi da wannan sani. Bai yi faɗa ba. Ya bar ta ta yi barci, ya kalle ta, ya yarda cewa shi bai taɓa son kowa haka ba.

Yaya suka nuna tsakanin uba da ɗa?

Nan Kafka ya fi kowa. A dare ɗaya cikin Satumba 1912 ya rubuta labarin da ake kira "The Judgment" a fassarar Ingilishi, inda tsohon uba mai jinya ya miƙe tsaye a kan gado ya yanke wa ɗansa hukuncin mutuwa a ruwa, ɗan kuma ya ruga ya faɗa kogi.

A "The Metamorphosis" na 1915, Gregor Samsa ya farka ya ga ya zama ƙaton ƙwaro. Abin lura shi ne tunaninsa na farko: jirgin asuba ya wuce shi, me zai ce wa mai gida? Shi ke yawon tallan yadi gari-gari yana biyan bashin iyayensa, shi ke ciyar da uwa da uba da ƙanwa. Daga ranar da ya kasa fita nema, sai uban da a da ba ya iya tashi daga kujera ya warke, ya sami aikin masinja a banki, ya sa kaki mai maɓallan zinariya har barci yake yi da shi. Shi ne ya jefi Gregor da tuffa, ɗaya ta nutse a bayansa ta ruɓe a can. Da Gregor ya mutu, iyalin suka fita shan iska. Tambayar da labarin ke yi tana da nauyi: in aka cire abin da namiji ke kawowa gida, me ya rage da za a so shi dominsa?

Marubuta mata fa, yaya suka ga mazan?

Sun gan su daga inda maza ba sa ganin kansu, wato daga cikin gida. A "At the Bay" na Mansfield, Stanley Burnell yana shirin fita aiki, ya tayar da gida gaba ɗaya yana neman sandarsa, yana ganin ba wanda ya damu da wahalar da yake sha dominsu. Yana fita, matan gidan suka sauke ajiyar zuciya, har muryoyinsu suka canza. Mansfield ba ta mai da shi dodo ba. Da yamma ya dawo a guje yana neman gafarar matarsa don bai yi mata sallama da safe ba, ita kuwa ba ta ma lura ba.

Ƙanen Mansfield, Leslie, ya mutu a Beljiyam a 1915 lokacin da gurneti ya fashe a hannunsa. A 1922, shekara guda kafin tarin fuka ya kashe ta tana da shekara 34, ta fitar da "The Fly". Wani attajiri, wanda ba a faɗi sunansa ba sai dai "mai gida", yana nuna wa tsohon abokinsa sababbin kayan ofis. Abokin ya ce 'ya'yansa mata sun je Beljiyam ziyarar kabarin ɗan'uwansu, sun ga na ɗan mai gidan kusa da shi. Bayan ya tafi, mai gida ya ce kada a bar kowa ya shigo na rabin awa. Ya zauna da niyyar yin kuka. Shekara 6 ke nan da mutuwar ɗansa tilo, wanda ya gina kasuwancin dominsa. Kukan ya ƙi zuwa.

Sai ya ga ƙuda ya faɗa cikin tawada. Ya tsamo shi da alƙalami, ya ɗora a kan takarda, yana kallon yadda yake goge fukafukansa. Ƙudan na gab da tashi, sai ya ɗiga masa tawada. Ya sake gogewa, mai gida yana yaba ƙarfin halinsa, ya sake ɗiga masa. Haka har ƙudan ya daina motsi. Ya jefar da shi, ya kira a kawo sabuwar takarda, ya yi ta ƙoƙarin tuna abin da yake tunani ɗazu, ya kasa. Yabon da yake yi wa ƙudan shi ne irin yabon da dattawa suka riƙa yi wa samari suna tura su rami.

Gaskiya ne Lawrence yana ɗaukaka namiji a kan mace?

A wasu rubuce-rubucensa na baya, e, kuma Kate Millett, mai nazarin adabi Ba'amurkiya, ta yi masa kaca-kaca a kan haka a 1970. Amma gajerun labaransa sun fi ra'ayoyinsa gaskiya. Shi ɗan mai haƙar kwal ne daga Eastwood, ya san jikin namiji mai aikin ƙarfi. A "Odour of Chrysanthemums" mace tana jiran mijinta cikin fushi, ta ɗauka yana mashaya, ashe rami ya rufta ya toshe shi. Tana wanke gawarsa tare da uwarsa ta gane ba ta taɓa saninsa ba.

"The Prussian Officer", wanda ya rubuta a 1913 tun kafin yaƙi, yana nuna kyaftin da wani abu game da saurayin sojan da ke masa hidima ya tsaya masa a rai, abin da ba zai iya amsa wa kansa ba, sai ya juye shi zuwa duka da shuri, har yaron ya kashe shi. A "Tickets, Please" kuma 'yan mata kwandastoci na lokacin yaƙi suka kulle wani sufeto mai yaudararsu ɗaya bayan ɗaya, suka yi masa dukan kawo wuƙa. Sun yi nasara, amma ba wadda ta yi murna. Lawrence ya ga cewa tsohon tsari ya karye, bai kuma san abin da zai maye gurbinsa ba.

Ina baƙar fata a cikin wannan hoto?

Tambaya ce da ta wajaba, domin mazantakar Bature ta lokacin sau da yawa a kan wuyan wani aka gina ta. A "The Short Happy Life of Francis Macomber" na Hemingway, 1936, attajiri Ba'amurke ya zo farauta Gabashin Afirka, ya gudu daga zaki, ya sha kunya, washegari ya tsaya wa ɓauna ya "zama namiji", matarsa ta harbe shi. Ana ta muhawara ko da gangan ta yi. Ba a cika tambayar 'yan Afirkan da ke ɗauke da bindigogi ba, waɗanda suka shiga ciyawa wajen zaki mai rauni ba wanda ya kira su jarumai, kuma jagoran farautar yana maganar yi wa ma'aikata bulala kamar ba komai ba.

Faulkner ya fuskanci abin kai tsaye a "Dry September" na 1931. Jita-jita ta tashi a shagon aski cewa wani baƙar fata, Will Mayes, ya taɓa wata Baturiya. Ba wanda ya san ko wani abu ya faru. McLendon, tsohon soja mai lambar yabo daga Faransa, ya ja gayya da sunan kare mutuncin mata, suka kashe mutumin. Ya koma gida tsakar dare ya mangare matarsa don ta zauna jiransa.

Daga ɓangaren baƙaƙen da kansu akwai Jean Toomer da littafinsa Cane na 1923, sai Richard Wright a bakin iyakar zamanin. A labarin Wright "The Man Who Was Almost a Man", Dave ɗan shekara 17 yana aikin gona, kowa yana ce masa yaro. Ya sayi tsohuwar bindiga dala 2 don a fara ganin girmansa. Harbin farko ya rufe ido, ya kashe alfadarar mai gonar. Aka taru ana yi masa dariya, aka ɗora masa bashin dala 50. Cikin dare ya haye jirgin ƙasa da bindigar a aljihu, ba harsashi a ciki. A ƙasar da ake kiran dattijo baƙi "yaro" har ya mutu, neman zama namiji yana da wani farashi dabam.

Turai da Amurka kaɗai abin ya shafa?

A'a. A ƙasar Sin, Lu Xun ya rubuta "Kong Yiji" a 1919, labarin malamin da ya ƙare rayuwarsa yana shirin jarrabawar aikin sarauta, wadda aka soke a 1905, bai taɓa ci ba. Yana sa doguwar rigar malamai duk ta yage, yana shan giya a tsaye tare da leburori suna yi masa ba'a. Ah Q na labarinsa na 1921 kuma ɗan'uwan Farrington ne: in an doke shi sai ya nemi wanda ya fi shi rauni.

Akwai giya, kisan kai da zubar da ciki a cikin labaran nan. Ya dace a karanta su?

Akwai su, kuma gara mai karatu ya sani tun farko. Al'adun mutanen ba namu ba ne, wasu abubuwan ma addini ya hana. Sai dai a duba yadda aka kawo su. Giyar Farrington ba ta ba kowa sha'awa. A "Hills Like White Elephants" na Hemingway, inda saurayi ke matsa wa budurwa ta zubar da ciki a wata tashar jirgi a Sifen, yana ta nanata cewa shi ba ya tilasta mata, mai karatu yana fita ne da tausayinta da ƙyamar daɗin bakinsa. Ga yara ƙanana, malami ko uba ya zaɓa musu. Ga baligi mai hankali, ban ga abin gudu ba.

Daga ina zan fara, kuma me zan riƙa lura da shi?

Fara da "Counterparts" da "The Fly", kowanne ba ya cin rabin awa. Bi da "Soldier's Home" da "In Another Country". Ka ajiye "The Dead" sai ranar da kake da natsuwa, don ya fi su tsawo nesa ba kusa ba. Dubliners da The Garden Party na Mansfield da The Prussian Officer na Lawrence duk suna nan kyauta a shafin Project Gutenberg na intanet.

Wajen karatu, ka riƙa duba hannun mutumin fiye da bakinsa: me yake taɓawa, me yake gyarawa, lokacin da aka ambaci abin da ba ya so? Ka lura da wanda ke kallonsa a duk lokacin da ya yi ta maza, domin kusan kullum akwai 'yan kallo, ko abokan mashaya, ko mace, ko uba. Ka kuma nemi wanda ya biya kuɗin abin a shafin ƙarshe. In rubutun jarrabawa za ka yi, ɗauki labari biyu kawai, misali na Joyce da na Faulkner, ka kwatanta yadda kowane mutum ya shiga gidansa da dare da abin da ya faru da shi a waje kafin nan.